Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

Filin Gida da Na'ura

A wannan fili namu muna duba kayan zamani da suka shigo ɗakunanmu, mu ga yadda za mu ci moriyarsu ba tare da sun cinye mana aljihu ba. A wannan fitowa za mu tsaya ne a kan wata matsala da ta kai mu wani gida a Cité Verte, muka kwashe yammaci guda a kanta, wato yadda ake haɗa kwamfuta da tsohuwar na'urar sauti har ta yarda ta yi magana. Wani zai ce ai wannan zancen masu gyaran rediyo ne. To, a yi mana haƙuri a ji yadda abin ya faru tukuna.

Maigidan dattijo ne da ya haura shekara saba'in, mutumin Ngaundare, wanda ya yi aikin gwamnati a nan Yawunde har ya yi ritaya. A shekarun 1990, lokacin da yake da hali, ya sayi kayan sauti na gani na faɗa: na'urar faifan CD, da amfilifaya, wadda a nan muka fi sani da ampli, da manyan lasifikoki biyu, da kuma wani baƙin akwati mai nauyi wanda babu komai a fuskarsa sai maɓallai biyu da 'yan ƙananan fitilu. Da su yake sauraron karatun Husari da na Abdulbasit bayan asuba, ranar hutu kuma ya sa Shata. Da tafiya ta yi tafiya sai idon na'urar faifan ya mutu, ta daina karanta komai. Jikansa, wanda ke karatu a jami'a, ya ɗauki nauyin kwafe faya-fayan zuwa kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, ya haɗa har da tsofaffin kaset-kaset da ya tarar a cikin wata adaka.

A cikin kaset ɗin nan akwai guda da ya fi sauran daraja. Manyanmu za su tuna cewa a da, wanda bai iya rubutu ba kan aika wasiƙa da bakinsa: a kunna rikoda, ya faɗi saƙonsa, a ba wani matafiyi kaset ya kai. Tun da layin dogo ya isa Ngaundare a 1974, irin waɗannan wasiƙu sun sha shigowa Yawunde a aljihun fasinjoji. Wannan kaset wasiƙar mahaifiyar dattijon ce, wadda ta daɗe da rasuwa, Allah Ya jiƙanta. Yaron ya kwafe shi lafiya lau, amma da ya kunna a 'yar lasifikar kwamfuta, kakansa bai fahimci ko kalma ɗaya ba, domin kunnensa ya yi nauyi, muryar kuma ta fito siririya kamar ta sauro. Sai ya ce a sa masa ita a manyan lasifikokinsa. Yaro ya yi ta haɗe-haɗen wayoyi har kwana uku, shiru. Da ya gaji sai ya ce, cikin wasan jika da kaka, “Alhaji, akwatin nan naka ya tsufa kamar mai shi, gara a kai shi gwanjo a sayo maka ƙaramar lasifika ta zamani.” Dattijo ya yi murmushi bai ce komai ba, amma uwargidan ta gaya mana cewa daren nan bai ci abinci ba. Ita ce ta aiko a kira mu.

Mene ne aikin baƙin akwatin?

Kafin a gyara abu sai an san aikinsa. Sauti kaɗawar iska ce. Idan mutum ya yi magana, iska takan kaɗa, kaɗawar ta isa dodon kunne, sai a ji. Makirufo yana mayar da wannan kaɗawa ta zama lantarki mai hawa da sauka, lasifika kuma ta sake mayar da lantarkin ya zama kaɗawar iska. Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, yana adana hawa da saukar nan yadda suke a jikin zarensa. Ita kuwa kwamfuta ba ta san komai ba sai lissafi. Abin da take yi shi ne ta riƙa auna ƙarfin lantarkin sau dubbai a cikin daƙiƙa guda, tana rubuta kowane awo da lamba. Faifan CD, wanda Sony da Philips suka kawo kasuwa a 1982, yana ɗauke da awo 44,100 a kowace daƙiƙa ga kowane ɓangare, dama da hagu, kuma kowane awo yana faɗawa a kan ɗaya daga cikin matakai 65,536, abin da ake kira bit 16. Dalilin yawan awon shi ne kunnen yaro mai lafiya yana jin kaɗawa har kusan 20,000 a daƙiƙa, ƙa'idar kuwa ita ce yawan awo ya ninka abin da ake son kamawa sau biyu, har da ɗan ɗori.

To, lasifika ba ta jin lamba. Dole a sami mai tsayawa tsakani ya karɓi lambobin ya mayar da su lantarki mai hawa da sauka. Wannan shi ne aikin baƙin akwatin, wanda ake rubuta sunansa a taƙaice DAC, mu kuwa a wannan fili za mu kira shi tafinta. Kowace wayar hannu da kowace kwamfuta tana da ɗan ƙaramin tafinta a cikinta, sai dai yana zaune ne a matse cikin hayaniyar sauran sassa. Irin na dattijon an ƙera shi da ɗakinsa daban da wutarsa daban, shi ya sa har yau muryarsa take fita tas, ga cika.

Mu mazauna Yawunde ba sai an yi mana dogon bayani a kan tafinta ba. Wanda ya taɓa raka tsohuwarsa asibiti, ita ba ta jin komai sai Hausa ko Fulatanci, likita kuma sai Faransanci, ya san abubuwan da ke sa tafinta ya yi shiru: ko an bar shi a waje ana magana a cikin ɗaki, ko mai maganar yana zuba da saurin da ba a iya binsa, ko kuma ya juya zuwa wani harshe da tafintan bai koya ba. A duk ukun nan ba wanda zai ce tafinta ya mutu. Haka yake ga wannan akwati, kuma mafi yawan waɗanda ake jefarwa a irin wannan hali lafiyarsu ƙalau.

Ƙa'idoji biyu kafin a taɓa komai

Ta farko, a rage ƙarar ampli ƙasa ƙwarai kafin a cire ko a soka kowace waya, a kuma riƙa kunna ta a ƙarshe, a kashe ta da farko. Ƙara guda mai ƙarfi ta isa ta ƙone ƙananan lasifikokin sama, masu fitar da siririn sauti, kuma samun madadinsu a tsofaffin kaya ba wasa ba ne. Ta biyu, a riƙa canza abu ɗaya tak, a saurara, sa'an nan a wuce na gaba. Kuskuren yaron ke nan: yakan sauya waya, ya murɗa maɓalli, ya taɓa kwamfuta, duk a lokaci guda, ta yadda ko da ya dace da gyara ɗaya sai wani canjin ya ɓata shi, bai sani ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Mataki na farko: a fara daga ƙarshe

Mun bar kwamfuta a gefe, muka ɗauko wayar hannu da igiyar nan mai kai ɗaya siriri a gefe guda, da kai biyu, ja da fari, a ɗaya gefen. Muka soka ta a kafar ampli mai rubutun AUX, muka juya maɓallin zaɓi zuwa AUX, sai ga sauti a lasifikokin biyu. Ke nan ampli da lasifika sun fita daga zargi. A nan mu ja kunne: abin da ke fitowa daga tafinta a kai shi kafar AUX, ko CD, ko Line. Kada a kai shi kafar Phono, wadda aka yi domin allurar garmaho, ko kafar Mic ta makirufo. Waɗannan biyun suna jiran ɗan mitsitsin lantarki ne, shi kuwa tafinta yana fitar da kusan bolt 2, wanda ya ninka abin da suke jira sau ɗaruruwa. Sakamakon shi ne murya mai tsagewa da karkarwa. Masu kula da lasifikar makarantun Islamiyya da wuraren ɗaurin aure su riƙe wannan, domin a wurinsu aka fi yin wannan kuskure.

Mataki na biyu: a gwada tafinta shi kaɗai

Muka aro na'urar DVD daga maƙwabta, muka sa mata faifan sauti na CD, muka haɗa kafarta mai rubutun Coaxial da irinta a bayan tafinta. Nan take wata fitila mai rubutun Lock ta kama, kusa da ita kuma wata mai lamba 44.1, karatu ya cika falo. Dattijo ya dubi jikansa ya ce, “Abokina, ashe tsohon yana numfashi.” Wannan fitila ta Lock ita ce babbar mai ba da labari a duk aikin. Idan ta kama, tafinta yana karɓar lambobi kuma yana gane su. Idan ba ta kama ba, saƙon bai iso ba ko kuma ya iso a sigar da bai sani ba. Idan tana ƙyaftawa, hanyar ce ba ta da kyau. Wanda ya yi wannan gwaji ya huta da zato, ya san matsalarsa tana tsakanin kwamfuta da bakin ƙofar tafinta.

Mataki na uku: a shiga ta ƙofar da ta dace

Tsofaffin tafintoci yawanci ƙofa biyu gare su, dukansu kuma harshe ɗaya suke ji, wanda Sony da Philips suka tsara, ake kira S/PDIF. Ɗaya ita ce Coaxial, kafa guda zagayayya mai kama da ta ja da fari, sau da yawa ruwan lemo ko baƙa, wadda ke karɓar lambobi ta wayar tagulla. Ɗayar ita ce Optical, 'yar kafa mai kusurwa huɗu, ƙirar kamfanin Toshiba ta 1983, wadda ke karɓar lambobi ta hanyar jan haske da ke bi ta cikin igiyar roba.

Abin da yaron ya fara yi shi ne ya ɗauko sauti daga ramin abin sawa a kunne na kwamfuta ya kai kafar Coaxial, tun da ya ga kan wayar ya shiga daidai. Shigar kai ba ita ce dacewa ba. Abin da ke fita daga wannan rami sauti ne da ɗan tafintan cikin kwamfuta ya riga ya fassara, alhali babban tafinta lambobi yake jira. Akwai wasu kwamfutoci, kamar da yawa daga na kamfanin Apple na kafin 2016, waɗanda aka ɓoye jan hasken nan a cikin ramin abin kunnen, sai a nemi igiyar haske mai siririn kai. Manyan kwamfutocin tebur ma wasu suna da kafar Optical ko Coaxial a bayansu. Amma mafi yawan na tafi-da-gidanka na yanzu ba su da ko ɗaya, sai USB da HDMI, tsohon tafinta kuwa an ƙera shi kafin a san su, domin ita kanta USB a 1996 ta fito.

Maganin shi ne 'yar gada, wato ƙaramar na'ura da ba ta wuce akwatin ashana biyu ba, mai USB a gefe guda, da Optical ko Coaxial a ɗaya gefen. Ana iya nemanta wurin masu sayar da kayan lantarki a Avenue Kennedy. A lura da kyau wajen saye, domin akwai wata mai kama da ita wadda ke karɓar Optical ta fitar da ja da fari. Wannan ƙaramin tafinta ce ita ma, ba gada ba. A ce wa mai shago ana son mai karɓar USB ta fitar da S/PDIF, kuma in da hali a tafi da kwamfutar a gwada a gabansa, a ga jan haske ya fito. Gadojin da ba su wuce awo 96,000 ba, galibi kwamfuta tana gane su da kanta. Masu wuce haka, Windows bai fara gane su da kansa ba sai a Windows 10 na shekarar 2017, don haka mai tsohon Windows zai buƙaci 'yar manhajar da ake kira direba, wato pilote a Faransanci, daga kamfanin da ya ƙera gadar. Daga bisani mun gane cewa yaron ya riga ya sayo gadar a kwana na biyu, kuma mai kyau ce. Duk da haka shiru.

Mataki na huɗu: a nuna wa kwamfuta ƙofar fita

Kwamfuta tana da ƙofofin sauti da yawa, kuma ba kullum take komawa sabuwar da aka soka mata ba. Da yake yawancin kwamfutocinmu da Faransanci suke, za mu faɗi sunayen yadda suke a allo. A danna maɓallin Windows tare da harafin R, a rubuta mmsys.cpl, a danna Entrée. Taga mai suna Son za ta buɗe. A shafin Lecture za a ga jerin ƙofofi. A zaɓi mai sunan gadar, wadda sau da yawa take ɗauke da kalmar USB ko SPDIF, a danna Par défaut. A duba kuma cewa ba a toshe bakinta ba a shafin Niveaux. Ya fi kyau a bar ƙarar kwamfuta a sama, a riƙa ragewa da ƙarawa daga ampli. Haka nan a duba maɓallin zaɓi da ke fuskar tafinta, domin idan waya tana Coaxial shi kuma yana sauraron Optical, har gobe ba zai ji ba. A gidan dattijo mun tarar kwamfutar tana aika sautin ne zuwa talabijin ɗin da aka taɓa haɗa ta da shi. Muka gyara. Fitilar Lock ba ta kama ba tukuna.

Mataki na biyar: a rage sauri

Nan ne gizo yake saƙar. Tafintocin ƙarshen shekarun 1980 da na mafi yawan shekarun 1990 gudu uku kawai suka sani: awo 32,000, da 44,100, da 48,000 a daƙiƙa. Kwamfutocin yau suna iya zuba 96,000 ko 192,000. Yaron, da yake ya ɗauka babbar lamba ita ce mafi kyau, kuma yana son ya ba kakansa mafi kyau, ya zaɓi 96,000. Tafinta ya ji ana zuba masa zance da saurin da bai taɓa ji ba, ya kama bakinsa.

A cikin tagar nan ta Son, a zaɓi gadar, a danna Propriétés, a shiga shafin Statistiques avancées. A ƙarƙashin Format par défaut a zaɓi layin da ke cewa 16 bits, 44100 Hz, Qualité CD, sa'an nan a danna Appliquer, a danna Tester. Masu kwamfutar Apple za su sami irin wannan zaɓi a Configuration audio et MIDI. Ba sai an sake kwafe komai ba, domin kwamfuta tana mayar da duk abin da aka kunna zuwa gudun da aka zaɓa mata. Kuma ba a yi asarar komai ba, tun da muryar da ke cikin kaset ba ta kai ko kusa da iyakar abin da 44,100 ke ɗauka ba. Muna danna Tester fitilar Lock ta kama, 'yar ƙararrawar gwaji ta kaɗa a hagu, ta kaɗa a dama.

Mataki na shida: a yi masa harshen da ya sani

Wannan bai same mu a ranar ba, amma yana samun masu haɗa tafinta da talabijin ko dikoda ko masu kallon fim a kwamfuta. Tsohon tafinta harshe ɗaya ya iya, mai suna PCM, na lasifika biyu. Fina-finai da yawa suna zuwa da sautin Dolby Digital ko DTS, wanda aka dunƙule domin lasifika biyar ko fiye. Idan aka tura masa wannan, ko dai ya yi shiru, ko ya saki wani huci mai tsanani kamar ana soya nama a tafasasshen mai, wanda ke iya ƙone lasifika. A shiga tsarin sautin talabijin ko na manhajar a zaɓi PCM ko Stéréo. A Windows kuma, idan akwai shafin Formats pris en charge, a cire alamar da ke gaban Dolby Digital da DTS.

Mataki na bakwai: ƙugi da tsinkewa

Sauti ya samu, amma a ƙarƙashinsa akwai wani ƙugi mara yankewa, kamar na tsohon firji. Muka cire cajar kwamfuta daga bango, ƙugi ya ɗauke; muka mayar, ya dawo. Wutarmu a Kamaru bolt 220 ce, mai juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma wannan juyawar ce ake ji. Idan kwamfuta da ampli kowace tana da hanyarta zuwa wuta, ga kuma wayar tagulla ta haɗa su, sai ɗan ɓataccen lantarki ya riƙa zagayawa tsakaninsu yana shiga cikin sauti. Da farko a gwada jona duka kayan a rallonge guda. Idan bai daina ba, a bar Coaxial a koma Optical, domin igiyar haske roba ce, lantarki ba ya bin ta. Haka muka yi, falo ya yi tsit. Abin da ba za a yi ba, ko wa ya ba da shawara, shi ne yanke wayar ƙasa ta fulogi. Ƙugin kan iya tafiya, amma an cire abin da ke kare rai ranar da wuta ta zubo a jikin ƙarfen na'ura, ga yara suna rarrafe a ɗaki.

Idan kuwa sautin yana tsinkewa ko yana ƙas-ƙas, a duba waɗannan. Sabuwar igiyar haske tana zuwa da 'yar hular roba a kowane kai, a cire ta, a tura kan har a ji ya yi ƙas, a kuma tabbata ana ganin jan haske a ɗaya bakin. Kada a lanƙwasa ta, kuma gara a tsaya a gajera, wadda ba ta wuce mita biyar ba. Wayar Coaxial kuma irin ta musamman ce, mai ohm 75. Wanda bai samu ba ya yi amfani da wayar hoto mai kai ruwan ɗorawa ta tsohuwar na'urar bidiyo, domin ma'auninsu ɗaya. A soka gadar kai tsaye a jikin kwamfuta, ba ta cikin mai rarraba USB ba. Damshin daminar Yawunde yana sa kawunan wayoyi tsatsa, jar ƙurar rani kuma tana toshe kafar haske. A goge kawunan da auduga da ɗan alcool na kantin magani bayan an cire wuta, a rufe kafar da ba a amfani da ita.

Gargaɗi ga masu sayen na gwanjo

Irin waɗannan akwatuna suna fitowa jefi-jefi a shagunan brocante da wajen kasuwar Mokolo, a cikin kayan da ake kwasowa daga ƙasashen waje, kuma sau da yawa mai sayarwa bai san darajarsu ba. Kafin a jona, a karanta rubutun da ke baya. Na Turai bolt 220 zuwa 240 ne, sun dace da mu. Na Amurka 120 ne, na Japan 100. Wanda ya soka su a bangonmu ba tare da taransifoma ba zai ga hayaƙi kafin ya ji sauti. Wasu suna da ɗan maɓallin sauya wuta a baya, a tabbata yana kan 220 ko 230. A sa wa kayan régulateur, a cire su daga bango idan hadari ya taso da tsawa. Idan kuma an cire duk wayoyin shiga amma ƙugi bai daina ba, alama ce cewa ma'ajiyar wutar da ke ciki, wato condensateurs, sun bushe saboda shekaru. Wannan aikin mai gyara ne, kuma yana gyaruwa. Kada a buɗe a gida, domin suna riƙe wuta ko bayan an cire fulogi.

Ana gab da magariba yaron ya kunna wasiƙar. Aka fara jin ƙarar danna rikoda, da kukan zakara daga nesa, da muryar wani yaro yana cewa an kunna, ta yi magana. Sai tsohuwa ta yi gyaran murya, ta yi sallama, ta kira ɗanta da sunan da ba wanda ya kira shi da shi shekara da shekaru. Ta tambayi lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya, ta ce saƙon da ya aiko ya iso, ta yi ƙorafin ya daɗe bai zo gida ba, ta sa masa albarka. Dattijo ya sunkuyar da kai, hannunsa a kan gwiwa. Da ta gama ya ce, “Abokina, mayar da ita baya.” Yaro ya mayar. Muka tattara kayanmu muka fita a hankali, uwargidan ta raka mu bakin matakala.

Da ya biyo mu waje yana godiya, yaron ya ce shi abin da ya ba shi mamaki shi ne duk wahalar kwana ukun nan layi ɗaya ne a cikin kwamfuta. Muka ce masa haka ne, kuma ya lura cewa ba a taɓa ko ƙusa ɗaya a jikin tsohon akwatin ba; duk gyaran a wajen sabuwar na'ura aka yi shi, ita aka ce ta rage sauri ta yi maganar da na gaba da ita zai gane. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce zai koma ya ba Alhaji haƙuri a kan maganar gwanjo.

Shawararmu ta ƙarshe ga duk gidan da ke da irin wannan kaset: a kwafe shi tun zaren bai lalace ba, a ajiye kwafin a wuri uku, ɗaya a wajen wani ɗan'uwa a wani gida, kuma kada a jefar da kaset ɗin na asali. A kuma tuna cewa a gidajen bene na Cité Verte da lungunan Briqueterie bango ɗaya ya raba mu da maƙwabci, mai yiwuwa yana da mara lafiya ko jariri. A ji daɗin sauti daidai kunnen ɗaki.

A fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu, za mu bi yadda ake kwafe kaset zuwa kwamfuta daki-daki, tun daga wanke kan rikoda har zuwa ajiya. Mai tambaya ya rubuto ya ajiye a ofishin ƙungiya, da Hausa ko da Faransanci, ya faɗi sunan na'urarsa da abin da aka rubuta a bayanta. Matambayi ba ya ɓata. Mu kwana nan, a huta lafiya.